Injin Yayana Da Ba Ya Shan Mai

Shekarar da aka maido ni Filinge in koyar da fizik a lise, wato babbar sakandare, ba wanda ya kai yayana murna. Shi ya tare ni a tasha, ya ɗaure akwatina a bayan moto, babur ɗinsa ke nan, muna tafe yana tsayawa wurin duk wanda ya sani yana cewa, "Ga Madam ta dawo gida." Cikin 'ya'yan da Inna ta haifa mu biyu ne muka rayu. Lokacin da mahaifinmu ya rasu ina ƙarama a lakwal, wato makarantar boko, shi kuwa ya fara tasawa, sai ya ajiye karatu ya shiga garaj, ni na ci gaba. Bai taɓa yi mini gori a kan haka ba, ko da wasa. Mutanen gari ne ke yi mini a madadinsa.

Hannu gare shi, wannan kowa ya shaida. Injin niƙa, gurup mai ba da wuta, famfon ban ruwa, in ya gagari masu gyara daga Damana har Sanam, wurinsa ake kawowa. Yakan kara kunne jikin inji kamar mai sauraron gulma, ya ɗago ya ce ga abin da ke damunsa, a kwance a tarar haka ne. Abin da ya tsana a duniya shi ne esansi, wato man fetur. Duk ranar da ya ga mai garka ya ɗauko jarka zai je saye, sai ya yi tsaki ya ce rabin wahalar talaka cikin jarkar nan take ƙarewa.

Wata shekara bayan an gama girbin hatsi, sai ya fara kulle kansa a wani ɗaki da ke bayan garaj. Matarsa ta ce mini ko abinci sai an yi ta aike. Ran nan da la'asar ya zo da kansa ya ɗauke ni.

"Ƙanwata, taho ki ga abin da babu cikin littattahwanku," in ji shi.

A tsakiyar ɗakin akwai tebur na ƙarfe. A kansa ya jera batir ɗin mota, da moter wanda wuta ke juyawa, da wani ƙaton faifan ƙarfe da ya ciro daga mataccen injin niƙa, da dinamo, duk an haɗa su da igiyar roba da wayoyi. Aikin ya yi kyau, ko'ina a share, ko waya ɗaya ba ta karkace ba. Ya yi bismilla ya haɗa wayoyi biyu. Faifan ya fara juyawa a hankali, ya ɗauki gudu, ɗakin ya cika da gunji, fitilun da ya rataya a bango suka kama.

"Batir shina juya moter," ya ɗaga murya don in ji. "Moter shina juya hwaihwai, hwaihwai shina juya dinamo, dinamo shina maida wuta cikin batir. Sai shi yi ta zagayawa. Babu esansi, babu wutar kuran. Har tashin ƙiyama!"

Ban taɓa ganin fuskarsa da haske irin na ranar ba, ko ranar aurensa. Da zan iya, da na tafa masa na fita. Na tsaya ina kallon faifan har ya jima yana gudu, sannan na matsa na ɗora tafin hannuna a jikin moter. Da sauri na ɗauke.

"Yaya, taɓa nan."

Ya taɓa. "Zahi na. Kowane inji shina zahi."

"Daga ina zahin ya hito?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi daga ina tuwo ke fitowa. Na ce masa daga batir ya fito, babu wani wuri. Na ce ƙarfin da ke cikin batir kamar tiyar hatsi ne. Ba a ƙirƙirarsa daga babu, ba ya kuma ɓacewa, sai dai ya sauya kama ya koma wani wuri. In ka tsaya tsakar gida kana juye hatsi daga wannan ƙwarya zuwa waccan, ka sake maido shi, kowace juyawa sai wasu ƙwayoyi sun zuba, kaji sun tsince. Zafin moter kaza ne. Ɗumin igiyar roba kaza ne. Gunjin da ya cika mana kunne, da hasken fitilun, duka kaji ne, kuma ba sa amayar da abin da suka ci. Abin da dinamo ke maida wa batir ba zai taɓa kai abin da batir ya bayar ba. Zai yi gudu, zai rage gudu, zai tsaya.

"Ya taɓa tsaya maka?" na tambaye shi.

Ya ce wani lokaci yakan yi sanyi, amma laifin batir ne, tsoho ne, shi ya sa yake kai shi caji kafin a samu sabo. Ya faɗi haka ba tare da ya kau da ido ba. A nan na gane yayana ba yaudarar kowa yake yi ba. Da zuciya ɗaya ya yarda da abinsa, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali.

"Waɗanda sunka rubuta littattahwan da kika karantawa, su ka saida mai," ya ce yana cire wayar. "Kina zaton za su rubuta miki yadda za a daina saye? An ɗaure muku kai, ku masu karatu."

Na ce ko ba littafi, hannunsa ya gaya masa. Ya ce in hau ya maida ni gida. Na hau.

Cikin 'yan kwanaki wani ya ɗauki bidiyon injin, ya shiga wayoyin mutane. Garaj ya zama kamar gidan suna. Ranar kasuwa mutanen ƙauye kan ajiye jakunansu su zo su leƙa. Ana cewa ga ɗan ƙasarmu ta Kurfai ya yi abin da ya gagari Turawa. Ni ma in na wuce, sai a ce mini, "Madam, barka, gidanku ya yi albarka." Nakan amsa da barka kadai in wuce.

Kawunmu, ƙanen Inna, dillali ne a kasuwa, mutum mai baki da son a san da shi. Shi ya ɗauki maganar ya kai Bonkuku, inda mata ke noman dankalin Turawa da rani. Wata ƙungiyar mata a can suna da famfunan ban ruwa masu shan esansi, kuma esansin ya ishe su. Aka shirya za su sayar da famfunan su ba da kuɗin a haɗa musu irin injin yaya, babba, kafin lokacin shuka. Sharaɗinsu ɗaya ne. Sun ji ƙanwar mai injin ita ke koyar da ilimin irin waɗannan abubuwa a lise, suna so su ji daga bakinta.

Ana gobe za su zo, Inna ta aika a kira ni. Na same ta a madafa tana tuƙa tuwo, ta ƙi ba ni muciyar.

"Ban ce ki yi ƙarya ba," ta ce, idonta na cikin tukunya. "Kurum nika so ki yi. In an tambaye ki, ki ce Allah shi sa albarka. Wanga ma ƙarya ta?"

"Inna, in na ce haka, za su ɗauka na yarda. Su saida hwamhwonsu. Dankali in ya rasa ruwa kwana kaɗan ya mutu. Mi za su ci da rani?"

"Ke kin san gaibu? Kin san ba ya yi?"

"Wanga ba gaibu ba na, Inna. Kamar in ce miki in kin sauke tuwon ga kin aje, zai huce. Ba duba niy yi ba."

Ta daki bakin tukunya da muciya. "Shi da yab bar karatu saboda ke, yau Allah ya ɗaga shi, ke za ki zan ta hwarko da za ta ja ƙahwarshi? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yas."

Na ce ba yanke shi zan yi ba. In injin ya tsaya a garkar mutane bayan sun sayar da abinsu, ba ni za su zo nema ba, shi za su zo nema, kuma sunan da ya yi shekaru yana ginawa a ranar zai rushe. Ta ce in tashi in ba ta wuri. Na tashi.

Washegari da hantsi aka taru a gidan Kawu. Maza na bakin zaure a kan benci, matan Bonkuku na zaune a kan tabarmi ƙarƙashin dogon yaro. Yaya ya kawo injin a amalanke ya kunna, fitilu suka kama da rana tsaka, aka yi ta salati. Kawu ya yi jawabi mai tsawo. Da ya gama ya nuna ni da carbi ya ce, "Ga ɗiyarmu Madam, ita ma ta gani da idonta."

Shugabar matan dattijuwa ce, doguwa, tafin hannunta ya yi kanta saboda aiki. Hausarta da Zabarmanci a gauraye. Ba ta kalli Kawu ba, ni ta kalla.

"Madam, magana ɗaya. Mu saida hwamhwo, ko kada mu saida?"

Na ji idon yaya a gefen fuskata. Na amsa mata.

"Kada ku saida, Baba. Injin ga zai tsaya."

Nan take kowa ya kama magana a lokaci guda. Wani ya ce hassada ce. Wani ya ce abin da karatun ɗiya mace ke jawowa ke nan. Kawu ya miƙe, babbar rigarsa na zamewa daga kafaɗa.

"Ke! Kina nuhin Allah ba shi da ikon shi sa inji shi yi ta juyawa babu mai?"

"Kawu, Allah mai iko na bisa komi. Shi yas sa ruwa shi gangara ƙasa, shi yas sa wuta ta ƙona, shi yas sa abu mai zahi shi huce. Ƙa'idar da nika gaya muku ba ni niy yi ta ba, ba Bature yay yi ta ba. Allah na da ikon shi ba ka hatsi ba ka yi shibka ba, amma bana ka yi shibka."

Wasu suka yi dariya, suka haɗiye ta da sauri. Kawu ya ce ba ni da kunya. Na ce ina da ita, amma kunyar ba za ta ba dankali ruwa ba. Sai na juya ga yaya na ce abu mai sauƙi ne. A sayi sabon batir, tunda ya ce tsohon ne ke da laifi. A kai injin bakin rijiya a garka, a haɗa shi da famfo na wuta, a kunna da safe gaban kowa, kada wanda ya taɓa shi. In rana ta faɗi yana ba da ruwa, gobe ma ya wayi gari yana bayarwa, ni da kaina zan tsaya gaban ɗalibaina in ce abin da nake koya musu ƙarya ne, in ajiye alli.

Kawu ya fara cewa ba a gwada baiwar Allah. Yaya ya katse shi.

"Na yarda," ya ce. Bai dube ni ba. "Ki shirya aje allin."

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. Abincin da nake aika wa Inna ya riƙa dawowa a rufe yadda na aika shi. Matar yaya, wadda muke kitso tare, ta daina amsa wayata. Mai nama da na saba saye a wurinsa ya ce mini ya ƙare, ga shi kuwa a rataye. Mijina yana aiki a Yamai lokacin, ya ce a waya da na yi shiru da ya fi. Na ce masa shi ma ya yi shirun in ya ga dama.

A aji kuwa yara sun ji komai. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, gaskiya ne kin ce injin yayanki ba ya yi?" Na ajiye darasin da na shirya. Na ce kowa ya murza tafin hannuwansa da ƙarfi. Suka murza har suka fara dariya, suka ce ya yi zafi. Na ce to, ƙarfin kokon da kuka sha da safe ne ya koma zafi. Yanzu ku buɗe hannun ku jira zafin nan ya tattaru ya sake murza muku hannu da kansa. Suka zauna da hannuwa a buɗe suna kallon juna. Na tambaye su ko akwai wanda ya taɓa ajiye shayi mai sanyi, ya dawo ya tarar ya jawo zafin ɗaki ya tafasa don kansa. Suka ce babu. Na ce zafi hanya ɗaya yake bi in an bar shi, daga mai zafi zuwa mai sanyi, ya bazu, kuma in ya bazu ba ya dawowa sai an biya shi da wani aikin. Na rubuta ƙa'idojin biyu a allo da Faransanci yadda za su zo musu a jarrabawa. Wani yaro daga baya ya ce, "Amma Madam, yayanki ne fa." Na ce na sani, na riga shi sani.

Ranar gwaji aka kai injin wata garka a bakin gari, inda ruwa ba shi da nisa. Batir sabo ne fil, yaya da kansa ya zaɓo shi. Matan Bonkuku sun zo, mutanen gari ma sun zo, har masu sayar da gyaɗa da ruwan sanyi. Inna ba ta zo ba. Aka kunna da hantsi. Ruwa ya taso cikin tiyo ya faɗa kwalbati da ƙarfi, wuri ya ɗauki kabbara. Mata suka yi guɗa. Wani ya zo har gabana ya ce, "Madam, ina alli?"

Na zauna a gindin wani lemun tsami na naɗe ƙafa. Ba zan ɓoye ba, da na ga ruwan na zuba, wani sashe na zuciyata ya so a ce ni ce na yi kuskure. Da na ajiye alli ina murna, in dai yayana zai zama mutumin da ya raba talakawa da jarka. Amma so daban, abin da na sani daban.

Tun kafin rana ta take tsaka na ji muryar faifan ta sauya. Yaya ma ya ji, don kunnensa ya fi nawa. Na ga ya daina hira ya tsaya da hannu a ƙugu. Ruwan da ke tsalle ya koma gangarowa. Ya yi taku ɗaya zai matsa kusa, shugabar matan ta ce, "An ce ba a taɓawa." Ya tsaya. Ruwa ya koma kamar fitsarin akuya, ya koma ɗigo. Faifan ya yi ta jan jiki, ya juya, ya sake juyawa da ƙyar, ya tsaya. Ana iya jin kukan kurciya a kan bishiya.

Na ɗauka a nan magana ta ƙare. Ashe ban san mutanenmu ba. Kawu ne ya fara.

"Baki na," ya ce. "Tun ran da tas sa mishi baki nis san haka za a yi. Inji na aiki lahiya lau, ɗiya ta zo ta ce zai tsaya, zai tsaya. To ga shi ya tsaya."

Maganar ta kama kamar wutar kara. Wata mata ta ja ɗanta daga kusa da ni. Wani ya ce ai tun safe nake zaune ina ƙura wa injin ido. Na tashi na kakkaɓe zanena.

"Kawu, in da bakina na tsaida inji, da na je na zauna bakin hanya na tsaida motocin da ka ɗaukar hatsinmu da arha suna kaiwa waje. Ku kai shi inda ban gani, ku kai shi Abala, ku ruhe ni cikin ɗaki. Ku ba shi sabon batir. Zai tsaya."

Yaya ya durƙusa yana kwance wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, yana naɗe su da kyau. Na so in je in kama masa. Na san in na matsa zai ji kamar na zo yi masa dariya ne, sai na nufi ƙofar garka. A can shugabar matan ta cim mini. Ta kama hannuna ta ce, "Kala suru, Madam," wato in yi haƙuri. Ta ce su za su koma su nemi esansi, lokacin shuka ya matso. Ba ta ce na yi gaskiya ba, ba ta ce na yi baki ba. Ta hau motar kasuwa da matanta suka tafi da famfunansu a hannunsu.

Sunan mai baki ya bi ni har cikin rani. Wani uba ya je wurin direktan makarantarmu ya ce a cire ɗansa daga ajina. Direkta ya ce masa malamar fizik ɗaya gare shi, in yana da wata a gida ya kawo. Akwai gidajen suna da aka daina gaya mini. Na riƙa zuwa duk da haka in dangi ne, in zauna, in ci abin da aka ba ni, in yi barka in tafi. Gidan Inna kuwa ban fasa zuwa kowace Juma'a ba. Takan amsa gaisuwa ta juya baya, ni kuma in ɗauki tsintsiya. Har wata rana ina shara ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Miyar da kinka aiko shekaranjiya gishiri ya yi yawa." Daga nan na san ta fara ci.

Yaya ya fi daɗewa. Sai da zafin bazara ya shigo, lokacin da ko kwanon ɗaki ba ya taɓuwa, na ji tsayuwar motonsa a ƙofar gidana. Ya ƙi shiga, ya zauna a kan dakali. Na kawo masa ruwan randa ya sha. Ba gaisuwa mai tsawo.

"Kin ce zahi ka cinye ƙarhin," ya ce. "To in na kama zahin? In naɗe moter da tiyo, ruwa shi yi zahi, tururi shi juya wani abu, in maida cikin batir. Kazar taki na kama ta."

Dariya ta kusa kuɓuce mini, don tunanin ya yi kyau, kuma manyan masana sun daɗe suna bin wannan hanyar kafin su gane inda ta tsaya. Na zauna a ɗaya gefen dakalin. Na ce zai iya kama wani abu, amma ba duka ba. Zafi ba ya aiki sai yana gangarawa daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, kamar yadda ruwan gulbi ba ya ɗaukar kara sai yana gudu. Dole wani kaso ya isa wurin sanyin ya zauna a can. Shi ya sa duk injin da ya taɓa gyarawa a rayuwarsa yana da salansa, yana da wurin shan iska. In ka toshe su don kada zafi ya fita, inji ya mutu.

Ya murza makullin moto a hannunsa. "Wane ne yah hana?"

"Ba wanda yah hana, Yaya. Haka abin shike."

"Ke dai ba ki son a gwada."

"Ka gwada. Kuɗinka na, ƙarhenka na. Zan zo in gani duk ran da kak kira ni. Amma kada ka kai ma kowa shi saida abin hannunshi, don in an tambaye ni, abin da nic ce shi zan ƙara cewa."

Ya tashi ya buga moto. Kafin ya ja ya ce matarsa na tambayar yaushe zan zo kitso.

Bai taɓa cewa na yi gaskiya ba, har yau. Ya sake haɗa injin da faifai mafi girma, ya sake haɗa shi da batir biyu. Bai ƙara kiran jama'a ba. Kawu kuwa har ya bar duniya, Allah ya ji ƙansa, in na shiga gidansa sai ya tofa addu'a a gefen rigarsa yana zaton ban gani ba.

Da faifan rana, wato sola, ya yawaita a ƙasarmu, yaya na cikin waɗanda suka fara koyon haɗa shi da famfo. Yanzu aikinsa ke nan, garka zuwa garka, har cikin Imanan da Tondikandiya. Bara da sallar layya muna gidan Inna, ana suyar nama, ya miƙo mini wayarsa. Hoton wata garka ce, ruwa na zuba, babu jarka ko ɗaya a kusa.

"To Madam," ya ce da ƙarfi don yara su ji. "Ga inji da ba ya shan mai. Kin ce ba a yi."

"Wanga rana shika sha. Ka ruhe shi da tabarma mu gani."

"Rana kuɗi ta? Kin taɓa ganin an auna ta a lita?"

"Ban ce kuɗi ta ba. Na ce daga waje ƙarhin ka shigowa. Ba shi ka ciyar da kanshi ba."

"Magana ɗaya ta."

"Ba ɗaya ba ta, Yaya, kai ma ka sani."

Inna ta ɗago daga kan kaskon suya da cokali a hannu ta ce duk wanda ya ƙara cewa inji a gidanta yau, ba shi ba hanta. Muka yi shiru, aka raba hantar. Da zan tafi shi ya kai ni gida, muka ci gaba a kan hanya.